Kada A Yaye Ɗalibin Ginin Yumɓu Bai Taɓa Hura Tanderu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani darasi da ake koyarwa a kwalejojinmu wanda ba kasafai labarinsa yake fitowa a shafukan jarida ba, wato darasin ginin yumɓu da ke ƙarƙashin sashen zane-zane da ƙere-ƙere. Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano, kuma na daɗe ina karɓar ɗaliban kwaleji da ake turo mana domin gwajin koyarwa, saboda haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne, da idona na gan shi, kuma ni ma ta wannan hanyar na biyo.

A bara aka turo mana wani matashi ɗan ajin ƙarshe, mai natsuwa da ladabi, wanda hannunsa ya faɗa a zane. Na ba shi 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, ya sa su suka kawo yumɓu, suka gina asusu da ƙananan kasake, aka jera su a bayan aji suka bushe. Da mako ya zagayo sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yaushe za a toya mana su?" Ya ce mata za a duba. Bayan an tashi sai ya same ni a ofis, ya rage murya ya ce, "Wallahi Malam, ni ban taɓa ganin an toya ko ɗaya ba." Na tambaye shi yadda ake ba su maki a kwaleji, ya ce idan aikin ya bushe malami yakan zo ya duba siffarsa ya rubuta maki, daga nan a bar shi a kan kanta har ƙura ta rufe shi, ko a farfasa a jiƙa wa 'yan baya. Ya ce akwai tanderu na lantarki a ɗakin aikinsu, amma tun da ya shiga makarantar a lulluɓe ya same shi, kuma a lulluɓe zai bar shi. Ban ga laifin yaron ba ko kaɗan, domin shekaru masu yawa da suka wuce ni ma haka aka yaye ni, ina iya zana hoton tanderu a kan allo da sunayen sassansa, amma ban san ƙanshin hayaƙinsa ba.

Ranka ya daɗe, tukunyar da ba ta ga wuta ba ba tukunya ba ce, laka ce da aka ba siffa. Idan aka zuba mata ruwa za ta narke ta koma inda ta fito. Abin da ke mayar da yumɓu tukunya yana faruwa ne a cikin wuta, kuma yana da matakai da dole ɗalibi ya bi su da jikinsa kafin su zauna masa a kai. Da farko ana bin wutar a hankali na wasu sa'o'i, ɗumi kawai, domin ragowar danshin da ke jikin kayan ya fita. Wanda ya yi gaggawa a daidai digiri 100 na ma'aunin Salsiyas, inda ruwa yake zama tururi, zai ji ƙara daga ciki, kuma tukunyar da ta fashe ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja na kusa da ita. Tsakanin digiri 450 da 600 ne ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayar yumɓun kanta yake fita, kuma daga nan ba ya sake komawa laka har abada. A digiri 573 yashin da ke cikin yumɓu yakan kumbura farat ɗaya, sannan ya tsuke a daidai wannan wuri lokacin hucewa, shi ya sa mai ɗokin buɗe tanderu tun da zafinsa yakan tarar da kayansa sun tsage. Duk waɗannan alƙaluma ɗalibanmu suna haddace su domin jarrabawa, suna kuma cinyewa. Amma ɗalibin da ya kwana yana tura itace, ya wayi gari ya tarar da gindin tulunsa ya ɓare saboda ya bar shi da kauri fiye da wuyansa, ya sami darasin da ba zai sake buƙatar a maimaita masa ba. Wuta ce take tona asirin gini: iskar da aka bari a cikin yumɓu saboda ƙyuyar cuɗawa, da mahaɗin da ba a liƙe da kyau ba, da hannun buta da aka manna bayan jikinta ya riga ya bushe. Malamin da ya ba da maki kafin toyi ya yi hukunci ne kafin shaidu su iso.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: babu wutar lantarki, babu kuɗin gas, babu kayan aiki. Gaskiya ne tanderun lantarki yana buƙatar wuta mai ƙarfi wadda ba za ta yanke ba har tsawon sa'o'i takwas ko fiye, kuma idan wayar da ke ba shi zafi ta tsinke, samun madadinta aiki ne. Amma wannan hujja ce ta daina dogara da shi, ba hujjar daina toyi ba. Mutanen da suka gina kawunan yumɓun nan na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928 a kudancin Jihar Kaduna ta yau, sun toya su fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, kuma har yanzu suna nan. Maginan da ke kawo randa da tulu kasuwannin Kano ba su taɓa jiran a kawo wuta ba. A ganina, maimakon a ɗauki rashin tanderu a matsayin cikas ga darasin, kamata ya yi a mayar da gina tanderun ya zama shi ne darasin.

Kafin in kai ga tanderu, bari in tsaya a kan ginin hannu, domin a nan ma akwai gyara. Da yawa daga cikin ɗalibanmu, har da wasu malamai, suna ɗaukar ginin hannu a matsayin matakin yara, wanda ake yi kafin a kai ga faifan juyi, wato na'urar nan da ake ɗora curin yumɓu tana juyawa ana ɗaga shi. Sai a yi makonni biyu ana matsa ƙaramin kasko da yatsu, a murza yumɓu kamar igiya a naɗa sau ɗaya, a shimfiɗa falle a yanka akwati, shi ke nan an gama, sauran zangon kuma ɗalibai talatin ko arba'in su yi layi a kan faifai ɗaya ko biyu. Wannan raini ne da bai da tushe. Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga hoton Ladi Kwali tana aiki. Wannan baiwar Allah, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali, a gida ta koyi gini da hannu tun tana yarinya, kuma tukwanenta sun riga sun yi suna har Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yana tara su, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja a yau. Ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi faifan juyi, ta kuma iya shi, amma abin da ya kai sunanta Landan da Amurka shi ne manyan tulunan da take ginawa da hannu, tana zagaya su tana ja da naɗi, tana zana musu ado da tsinke. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Idan jami'a ta ga ginin hannu ya isa a ba shi digirin dakta, ban ga dalilin da kwaleji za ta ba shi makonni biyu ba.

Akwai wani abu kuma game da cibiyar ta Abuja da ya kamata masu tsara manhaja su lura da shi. Tanderun da aka yi aiki da shi a can na itace ne, a nan aka gina shi, kuma yumɓu da duwatsu da tokar da ake haɗa ruwan ƙyalli da su, wato ruwan da ake shafa wa tangaran ya narke a wuta ya ba shi sheƙi, a cikin ƙasar nan aka nemo su. Da wannan tanderu aka riƙa kai wuta zafin da ake toya tangaran mai ƙarfi, tun a shekarun 1950, a garin da ba shi da abin da Kano take da shi a yau.

Mu Hausawa muna da namu salon gini da ban taɓa ganin an koyar da shi a aji ba, ko da yake shi ne ya fi sauri wajen fitar da randa. Magini yakan kife tsohuwar tukunya, ya barbaɗa mata toka domin kada ta kama, ya shimfiɗa yumɓu a bayanta yana bubbugawa har kaurin ya daidaita, ya bari ya sha iska, ya ɗaga ya juya, sannan ya ɗora kafaɗa da wuya da naɗi. Yana daka tsingaro ya zuba a cikin yumɓun domin ya rage masa tsukewa ya kuma ba shi juriyar wuta, abin da littattafan kwaleji suke ba wani suna na Turanci kamar baƙon abu ne. Yana mirgina igiya ko totuwar masara ya fitar da ado, ya shafa jar ƙasa, ya goge da dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Ya san yumɓun da ya yi danƙo da yawa da wanda yashi ya yi masa yawa daga taɓawa kawai, ya kuma san cewa iskar hunturu tana busar da baki kafin gindi, don haka sai an rufe. Wannan ilimi ne cikakke, kuma masu shi suna tsufa, 'ya'yansu da yawa sun koma wasu sana'o'in tun da roba da alminiyam suka cika kasuwa. Me zai hana kwaleji ta gayyato magini ko magina mata, ta biya su kamar yadda take biyan malamin wucin gadi, su zauna da ɗalibai na wasu makonni? Kuma me zai hana a kwashi ɗalibai a kai su matoya su ga yadda ake jera tukwane, a lulluɓe su da kara da ciyawa da kashin shanu, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci a gama? Ina jaddada maganar biya, domin na ga yadda ake zuwa wurin waɗannan bayin Allah da takarda da biro, a kwashi iliminsu a rubuta kundin kammala karatu, a tafi ko sabulu ba a bar musu ba.

Kada kuma a fahimce ni cewa tanderu ya fi matoya a kowane hali. Toyin fili yakan tsaya tsakanin digiri 600 da 900, kuma wannan ƙarancin zafin shi ne sirrin amfaninsa. Tukunyar da aka toya haka jikinta a buɗe yake, shi ya sa take zama a kan murhu harshen wuta yana dukanta ba ta fashe ba, alhali kwanon tangaran da aka kai digiri 1,250 ba zai jure wannan ba. Haka randa: ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikinta, iska tana ɗauke shi, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Ranar da aka shafa wa randa ruwan ƙyalli aka toshe waɗannan ƙofofi, ta yi kyau a ido amma ta daina aikinta. Ɗalibin da ya san toyi iri biyu shi ne zai san wanda ya dace da tanda ta waina da wanda ya dace da kofin shayi.

To, yaya ake gina tanderu da abin da ke hannunmu? Mafi sauƙi shi ne wanda wuta take shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Ana gina shi kamar bakin rijiya, a bar murhu a ƙasa, a yi daɓe mai huji-huji a samansa inda za a jera kaya, a rufe saman da tsingaro ko tsohon kwano. Jan bulo da aka toya ya isa wannan aiki, domin yana jure zafi har kusan digiri 1,000, kuma ajin da ya ƙudura niyya zai gama ginin cikin 'yan kwanaki. Abin da ba a kusantar da shi ko kaɗan shi ne bulon siminti da kwaɓin siminti, domin wuta tana ruguza su. Da yumɓu da dakakken tsingaro ake kwaɓa abin liƙe bulo. Wannan tanderu yana da aibi, ƙasansa ya fi samansa zafi, amma aibin ma darasi ne, domin ɗalibi zai koyi abin da ake sawa ƙasa da abin da ake ɗorawa sama.

'Yan ajin gaba kuma su gina wanda ya fi shi, wanda harshen wuta yake hawa ta bayan wata 'yar katanga ya bugi rufi, sannan bututun hayaƙi ya janyo shi ƙasa ta tsakanin kayan kafin ya fita. Irin wannan yana riƙe zafi, yana rarraba shi daidai, kuma da shi ake kai wa digiri 1,200 zuwa 1,300. A nan ne lissafi yake shigowa, domin dole faɗin murhu da ƙofar fitar hayaƙi da tsawon bututu su dace da girman cikin, in ba haka ba wutar ta shaƙe ko ta tsere. Rufinsa baka ne. Mu da muka gaji bakan gizo a soraye, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya, ba baƙi ba ne a wannan fanni, sai dai bakan soro azara ce take riƙe shi, azara kuwa ba ta zama a cikin wuta, saboda haka dole bulon tanderu ya riƙe kansa da kansa. Dabarar mai sauƙi ce: a kafa ƙusa biyu a jikin allon katako, a rataya sarƙa a tsakaninsu, a bi lanƙwasarta da alli, a yanke, a kife. Bakan da aka ɗora a kan wannan siffa yana tsayawa ba tare da ƙarfe ya ɗaure shi ba. Ban san wani darasi da yake haɗa wa ɗalibin zane lissafi da kimiyya da aikin magini a wuri ɗaya kamar wannan ba.

Bulon da ke jure babban zafi shi ne abin da ake cewa yana da tsada, kuma idan na waje za a saya, haka ne. Amma ana yin sa da farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alƙaleri ta Jihar Bauchi, a gauraya ta da garin katako ko buntun shinkafa kusan rabi da rabi a awon mudu, a ƙara ɗan yumɓu mai danƙo domin ya kama, a zuba a ma'auni a busar. Idan aka toya, garin katakon yana ƙonewa ya bar ƙananan ramuka, bulon ya fito da rashin nauyi, kuma waɗannan ramukan su ne suke tsare zafi a ciki. Garin katako yana nan tuli a 'Yan Katako ta Na'ibawa, buntu kuwa injinan casar shinkafa na Kano da Kura neman mai kwashe shi suke yi. Tokar buntun ma ba ta zubarwa ba ce, domin kusan dukkanta sinadarin yashi ce, kuma idan aka haɗa ta da tokar itace da yumɓu da garin dutsen da ke narkewa a wuta, ana samun ruwan ƙyalli ba tare da an sayo ko cokali ɗaya daga waje ba.

Ko na'urar auna zafi ba sharaɗi ba ce, ko da yake samun ta ya fi. Launin cikin tanderu yana magana: ja mai duhu a wajen digiri 700, ja mai haske idan an haura 800, ruwan lemo a kusan 1,000, rawaya a wajen 1,200, sannan ya doshi fari. Ana kuma jera 'yan zobban yumɓu kusa da ƙofar leƙe, a riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe ana duba yadda suka nuna.

Wajibi ne in yi magana a kan haɗari, domin ba na so a ce na tura 'ya'yan mutane ga wuta ba tare da gargaɗi ba. A fili ake gina tanderu, a ƙarƙashin rumfar kwano mai tsawo, nesa da ajujuwa, saboda hayaƙin da ba a gani yana kisa a rufaffen ɗaki. Ba a leƙa wuta mai rawaya da ido tsirara, sai da gilashin masu walda. Ba a share busasshiyar ƙurar yumɓu da tsintsiya, sai a yayyafa ruwa a goge, domin ƙurar tana taruwa a huhu ta yi illar da ba ta warkewa. Mafi girma a cikinsu shi ne dalma. Akwai masu ba ɗalibai shawarar su fasa tsohon batirin mota su ɗebi abin da ke ciki su haɗa ruwan ƙyalli, saboda dalma tana narkewa a ƙaramin zafi tana ba da sheƙi mai kyau. Wannan ganganci ne. Abinci mai tsami, kamar kunun tsamiya da nono, yana jan dalma daga jikin kwano ya kai ta cikin mai ci. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Hanyar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce. Malamin da bai taɓa toyi a kwaleji ba, bai kuma ji wannan gargaɗi daga bakin wanda ya sani ba, shi ne zai je ya gwada da yaran sakandare.

Wasu za su ce toyi da itace ƙarin sare bishiyoyi ne a ƙasar da hamada take matsowa, kuma maganarsu tana da nauyi. Amsata ita ce tanderu mai bulon da ke tsare zafi ba ya cin makamashi kamar yadda ake zato, toyin farko kuma ana iya yin sa da kara da ɓarɓashin katako da rassan da aka sassabe, wanda ya sami hali kuma ya sa masa bakin gas. Toyi biyu ko uku a zango ba su kai itacen da gidan burodi ɗaya yake ci a zangon ba.

Sai maganar iyaye. Na sha zama da uban da ya ce ba ya son ɗansa ya karanta wannan fanni saboda ginin gumaka ne, na kuma zauna da wanda ya ce bai kai ɗansa kwaleji domin ya dawo yana wasa da taɓo ba. Game da na farko, malamanmu sun fi ni sanin hukuncin siffanta abu mai rai, kuma ba na jayayya da su, amma ana iya cika shekaru uku na wannan darasi ba a siffanta ko ƙuda ba. Butar alwala yumɓu ce, haka kaskon turaren wuta, da indararo, da tanda, da tayil mai adon dagi. Bahaushe tun daga tukunyar ruwan wankan jego har zuwa tukwanen da ake rufe kabarinsa da su bai rabu da aikin magini ba. Game da na biyu kuwa, ina tuna masa da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da danshin tsumma, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan da ba su da lantarki domin tumatir da gauta da alayyafo su daɗe ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ilimin randar kakarsa ne ya ɗora wa tunani. A wasu ƙasashe ana yin matatar ruwan sha da yumɓu da garin katako, ana kuma yin cikin murhun gawayi mai rage cin makamashi da yumɓu. Duk waɗannan sana'o'i ne da matashin Kano zai iya ci da kansa da su, amma babu ɗaya da yake yiwuwa ga wanda bai iya toyi ba.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wato NCCE, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, NBTE, da ke Kaduna, da su sanya sharaɗi ƙarara cewa ba a ba da makin aikin yumɓu sai a kan abin da aka toya, kuma kowane rukunin ɗalibai sai ya gina tanderu ya hura shi kafin a yaye shi. Idan masu tantance kwasa-kwasai suka zo, kada su tsaya ga ganin tanderu a ɗaki, su nemi a nuna musu toka da tsingaro da littafin da aka rubuta sa'o'in toyin ƙarshe. Shugabannin kwalejojinmu na Kano, na tarayya da na jiha, idan za su nemi tallafin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, su sa rumfa da bulo da farar ƙasa da alawus na magina a cikin lissafi. Shugabannin sassa kuma su duba kalanda, su sa gini da busarwa da toyi a cikin rani, domin tukunyar da aka gina a watan Agusta tana iya yin makonni ba ta bushe ba. Kuma a bar kowane aji ya rushe tanderun 'yan gabansa ya sake ginawa da bulon, tun da kwaɓin yumɓu ne ba siminti ba, bulon yana fita lafiya.

Game da matashin nan da na fara da labarinsa, ba mu bar maganar yarinyar ta faɗi ƙasa ba. Na nemi izinin shugaban makaranta, muka sayo jan bulo na hannu daga wani gini da aka rushe, wani dattijo magini da nake sayen randa a wurinsa ya yarda ya zo ranar Asabar, muka gina ƙaramin tanderu a bayan filin ƙwallo. Dattijon ya duba kayan yaran ɗaya bayan ɗaya, ya ware waɗanda ya ce ba za su tsira ba, muka roƙe shi a sa su duk da haka domin yaran su gani. Mun kunna wuta bayan sallar asuba, muka rufe bakin murhu bayan la'asar, ba mu buɗe ba sai ranar Litinin. Waɗanda ya ware kusan duk sun fashe, sauran suka fito ja, idan an ƙwanƙwasa suna amsawa. Matashin ya kwashi fasassun a kwali ya ce zai kai wa 'yan ajinsu su gani. Tanderun yana nan, mun rufe shi da kwano saboda damina, kuma duk malamin kwalejin da yake son ya kawo ɗalibansa su auna shi ko su hura shi, yana iya nemana ta hannun wannan jarida.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin zane,
daga Gwale, cikin birnin Kano.